Koren Ruwa da Gubar da Wuta Ba Ta Kashewa

Akwai wata irin gansakuka da ke tasowa a kan ruwan da ya kwanta, musamman idan zafi ya tsananta. Launinta kore ne mai sirkin shuɗi. Idan ta yi yawa sai ruwan ya yi kauri, ya zama kamar miyar kuka, wani lokaci har da ɗoyi. Wannan gansakuka, jama'a masu sauraro, tana iya fitar da guba. Wata gubar hanta take kamawa. Wata jijiyoyi. Wata kuma fata da ido. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farkon wannan sharhi shi ne, tafasa ruwa ba ya kashe wannan guba.

Za a fara da ita kanta halittar. A ido dai gansakuka ce. Amma masana sun tabbatar dangin bakteriya ce, suna kiranta sayanobakteriya. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ba a ganin guda ɗaya sai da madubin ɗakin gwaji. Da hasken rana suke haɗa abincinsu, yadda ganyen bishiya ke yi. Da wuya a sami tafki ko kogin da babu su. Idan 'yan kaɗan ne, ba wanda ya san da zamansu, kuma ba sa cutar da kowa. Ba kuma dukkansu ne ke da guba ba. A yankin Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani nau'insu, su shanya a kan yashi, su yi miya da shi. Shi ne sifirulina da ake sayarwa a kantunan Turai a matsayin abinci mai gina jiki. Sai dai a cikin dangin akwai miyagu, kuma ido ba ya rarrabe mai guba da marar guba.

Kada a haɗa ta da kainuwa, wadda tsiro ce mai ganye da saiwa. Kada kuma a haɗa ta da gansakukar nan mai zare-zare da ke maƙalewa a jikin dutse ko bakin rijiya. Akwai hanya mai sauƙi ta gwadawa. A tsoma doguwar sanda a ɗago. Idan ta fito da zare yana reto, galibi gansakuka ce ta yau da kullum. Idan ta fito a shafe da kore, babu zaren da za a kama, to a yi hattara. Ana kuma iya ɗiban ruwan a kwalba mai haske, a ajiye a wuri mai sanyi ya kwana. Gansakuka ta gari takan kwanta a ƙasa. Wannan kuwa tasowa take yi ta taru a sama, domin akwai 'yan jakunkunan iska a cikin ƙwayoyinta. Wannan gwaji alama kawai yake bayarwa. Tabbatar da guba sai ɗakin gwaji.

To, me ke sa ta yawaita har ta rufe ruwa? Abu uku ne ke haɗuwa. Zafi, da kwanciyar ruwa, da abinci. Abincinta shi ne abin da ke cikin takin zamani da bahaya da kashin kaji da ruwan wanki. Duk abin da zai sa masara ta yi kyau a gona, shi zai sa wannan halitta ta yi ƙiba a tafki. Idan rana ta buɗe, iska ta tsaya, cikin 'yan kwanaki sai ruwa ya sauya kama. Da safe takan taso sama. Iska kuma ta kora ta gefe, ta tara ta a bakin gaɓa. Bakin gaɓar nan kuwa nan yara ke wasa, nan dabbobi ke kafa baki, nan mai ɗiban ruwa ke tsoma bokiti.

Yanzu a dubi Kano da wannan ma'auni. Zafi dai ba sai an faɗa ba, kowa ya san yadda Maris da Afrilu suke. Ruwa kwantacce ma akwai shi birjik. Akwai kududdufan da aka haƙa tun zamanin da, ana ɗiban ƙasar gini. An cike da yawa an yi gidaje da shaguna, waɗanda suka rage kuma sun zama matattarar kwatocin unguwa. Akwai madatsun ruwa, irin Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a Ƙaraye da aka kammala a 1992, da Watari a Bagwai, da Wasai inda Jakara ke juye abin da ta kwaso daga cikin birni. Ga kuma gonaki a kewayensu, ana zuba taki rani da damina. Wato abubuwa ukun nan duk akwai su a ƙasar Kano.

Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni zai iya cewa shi bai sha daga kududdufi ba. Gaskiyarsa. Galibin gidajen wannan yanki da rijiyar burtsatse suka dogara, ko 'yan garuwa, ko ruwan leda. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya ganin rana, don haka wannan halitta ba ta tsirowa a cikinsa. Wannan sauƙi ne babba. Amma ruwan famfo daga kogi yake fitowa, ana tace shi a Tamburawa da Challawa. Kifin da ke kasuwar Tarauni daga ruwa ya fito. Latas da kabeji da alayyafo da ruwa aka shayar da su. Yaran unguwa kuma ba sa neman izini kafin su faɗa kududdufi. Saboda haka maganar ta shafi na cikin gari kamar yadda ta shafi na ƙauye.

Daga nan sai ita gubar. Wadda ta fi yawa a duniya ita ce maikurosistin. Idan ta shiga ciki, hanji ya tsotse ta, hanta take nufa. Tana shiga ƙwayoyin hanta ta hana su aiki, su saki juna, jini ya riƙa tsiyaya a ciki. Wanda ya sha da yawa zai ji ciwon ciki da amai da gudawa da zazzaɓi da kasala, daga baya ido na iya yin rawaya. Akwai kuma anatoksin, mai kama jijiyoyi. Ita ba ta da jinkiri. Dabbar da ta sha da yawa takan fara karkarwa da dalalar miyau, numfashi ya tsaya cikin ɗan lokaci. Akwai wata ta uku mai taɓa hanta da ƙoda tare. Wanda kuwa ya yi wanka kawai, yakan tashi da ƙaiƙayi da ƙuraje da jan ido da ciwon maƙogwaro. Har yau babu allurar da ke karya wannan guba. Likita taimaka wa jiki yake yi, da ƙarin ruwa da kulawa, har ya fitar da ita.

Waɗannan alamu, masu sauraro, sun yi kama da na cututtukan da aka saba da su. Yaro ya dawo daga iyo da amai da gudawa, sai a ce shawara ce, ko taifot, ko ya ci wani abu a waje. Shi ya sa wannan ciwo ke wucewa ba a gane shi ba. Kalma ɗaya daga uwa ko uba, cewa yaron nan jiya ya shiga koren ruwa, tana iya sauya tunanin likita.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A 1878 wani masani mai suna George Francis ya rubuta yadda tumaki da dawaki da karnuka suka mutu bayan sun sha daga Tafkin Alexandrina a Ostireliya. A nan Afirka, a 1966, wani likitan yara a birnin da yanzu ake kira Harare ya lura cewa yaran unguwannin da ke shan ruwan wata madatsa suna kamuwa da gudawa duk shekara, daidai lokacin da gansakukar madatsar ke ruɓewa. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a arewacin Botsuwana, hukumomin ƙasar kuma suka ɗora alhakin a kan wannan guba. Abin da ya kayar da giwa, ba a tambayar abin da zai yi wa akuya.

Amma labarin da ya fi girgiza likitoci a Burazil ya faru, a garin Caruaru, cikin Fabrairun 1996. Ana fari, ruwan famfo ya yi ƙaranci. Wata cibiyar wankin ƙoda ta koma karɓar ruwa a tankar mota, daga madatsar da gansakuka ta mamaye. Ruwan bai bi cikakkiyar tacewa ba, matatun cibiyar kuma sun gaji. Masu jinya 131 ake wa wanki a wurin. Suka fara ganin dishi-dishi, da amai, da mutuwar jiki. Hantar mafi yawansu ta lalace. Fiye da 50 suka rasu ta dalilin wannan guba. Daga baya Burazil ta sanya gwajinta cikin dokar ruwan sha.

Akwai dalilin da ya sa abin ya yi muni haka. Mai lafiya lita biyu ko uku yake sha a yini, kuma ta ciki ruwan ke bi. Mai wankin ƙoda kuwa, fiye da lita 100 ke gilmawa kusa da jininsa a zama ɗaya, wata siririyar fata kawai ke tsakaninsu. Wannan darasi ya shafi Kano kai tsaye. A nan gefen Gyaɗi-Gyaɗi, kan titin Zariya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, inda aka fara dashen ƙoda tun 2002, kuma masu wankin ƙoda ke zuwa daga jihohi da dama. Cibiyoyin wanki masu zaman kansu ma suna ƙaruwa a gari. Ƙa'idar aikin a ko'ina ɗaya ce. A san inda ruwa ya fito, a bi da shi ta gawayin tacewa da na'urar tace ruwa ta musamman, a kuma sauya matatu a kan lokaci. Ranar da ruwa ya yanke aka kira tanka, ranar ce ta fi bukatar sa ido.

Sai kuma wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya. A 1979, a tsibirin Palm na Ostireliya, madatsar ruwan shan jama'a ta yi kore, ruwa ya fara wari. Hukuma ta zuba sinadarin jan ƙarfe don kashe gansakukar. Ta kuwa mutu. Bayan 'yan kwanaki sai yara kusan 140 suka kwanta da amai da kumburin hanta, wasu har da fitsarin jini. Abin da ya faru shi ne, galibin gubar a ƙunshe take a cikin ƙwayar halittar. Da ƙwayar ta mutu ta fashe, sai gubar ta watsu a ruwa. Don haka ruwa na iya washewa ya yi garau, alhali gubar tana nan har kwanaki ko makonni. Mai kiwon kifin da ya zuba magani a tafkinsa, ya ga kore ya ɓace, kada ya ɗauka an gama.

Wannan ya dawo da magana kan tafasawa. Jama'a masu sauraro, a saurara da kyau a nan, don kada a fahimci zancen a baibai. Tafasa ruwa abu ne mai kyau. Yana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kuma ba wanda ya ce a daina. Amma wuta abu mai rai take kashewa. Maikurosistin ba mai rai ba ce, sinadari ce mai taurin kai, zafin tukunya ba ya wargaza ta. Hasali ma tafasawa na fasa ƙwayoyin ta saki gubar, ruwa ya ragu ta tururi, gubar ta ƙara kauri. A Agustan 2014, a birnin Toledo na Amurka, an hana mutane kusan 400,000 shan ruwan famfo na kwana uku, saboda gansakukar Tafkin Erie. Sanarwar da aka yi musu ta haɗa da gargaɗin kada su tafasa. Wuta na kashe ƙwayar cuta, ba ta kashe wannan guba.

To alimun fa, da tacewa da ƙyalle? Alimun yana kwantar da ƙwayoyin da ba su fashe ba, ya rage wani abu. Gubar da ta riga ta narke kuwa tana nan. Ƙyalle ma haka. Abin da ke cire ta shi ne gawayin tacewa da aka sarrafa musamman, da kulorin idan an sa daidai gwargwado aka ba shi lokaci. Wannan aikin matatar ruwa ne, da ma'aikata masu awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka tun 1998. Idan aka kasa giram ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya tak aka yarda a samu a lita ɗaya ta ruwan sha na yau da kullum. Ƙanƙantar wannan adadi ta isa ta nuna ƙarfin gubar.

Wani zai ce duk wannan labarin ƙasashen nesa ne. To ga na kusa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Mathias Chia da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bibiyar wannan al'amari. Sun sami maikurosistin a tafkunan kiwon kifi na Zariya, suka wallafa a 2009. Sun same ta a ruwayen da ake ɗiba don amfanin jama'ar garin, suka wallafa a 2015. Daga baya an same ta a ganyayyakin da aka shayar da ruwan rafi a Kaduna. Zariya da Kano rana ɗaya ke dukansu, taki ɗaya ake zubawa, noman rani iri ɗaya ake yi. Mai lambu a Kwakwaci ko Kadawa yana da abin koyo a wannan bincike. Ruwan da ya yi kore shar bai dace da ban-ruwan ganyen da ake ci ɗanye ba.

Kifi ma yana tara ta, musamman a hanta da hanji. Tsokar ba ta ɗauka da yawa. Saboda haka a cire kayan ciki gaba ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta. Kifin da aka tsinta a mace a bakin koren ruwa kuwa, a bar shi. Masu kiwon karfasa sukan zuba kashin kaji da gangan don ruwa ya yi kore, kifi ya sami abinci. Dabara ce sananniya, amma tana da iyaka. Idan kore ya yi kauri har ya yi kumfa a gefe, an wuce gona da iri, sai a rage abinci a sauya ruwa. Haka nan makiyaya da mahauta. An saba idan dabba ta faɗi a yi maza a yanka kafin rai ya fita. Idan a bakin irin wannan ruwa ta faɗi, hantarta da kayan cikinta ba na ci ba ne, kuma ya kamata likitan dabbobi ya gani.

Akwai kuma cutarwa ta sannu a hankali, wadda ta fi wuyar ganewa. A wasu yankunan ƙasar Sin, irin Haimen da Qidong, an lura cewa sankarar hanta ta fi yawa a tsakanin masu shan ruwan kududdufi fiye da masu shan ruwan rijiya mai zurfi. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya maikurosistin cikin abubuwan da ake zargin suna iya haddasa cutar. A waɗancan yankuna akwai ciwon hanta nau'in B, akwai kuma gubar fumfuna a hatsi. Duka biyun sanannu ne a Arewa, ɗaya a jini, ɗaya a gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Hantar da ke fama da biyu, ba ta bukatar na uku. Wanda ya san yana ɗauke da ciwon hanta, shi ya fi kowa bukatar nisantar irin wannan ruwa. Haka yara ƙanana, saboda jikinsu kaɗan ne, kuma suna haɗiyar ruwa idan suna iyo.

Sai wata tambaya da ke tasowa a gona da wurin kiwo, wato alwala. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani cewa ruwan da ya sauya saboda abin da ya tsiro a cikinsa, irin gansakuka, bai fita daga tsarki ba. Wannan fagen malamai ne, kuma ba shi ake taɓawa ba. Amma tsarkin ruwa daban, lafiyarsa daban. Alwala ta ƙunshi kurkurar baki da shaƙa ruwa a hanci, kuma ta nan guba ke samun hanya. Manomi ko makiyayin da ya san tafkin ya yi kore, gara ya taho da butarsa daga gida.

Maganin asali dai shi ne a rage wa halittar abinci. Kwatar da ke ɗauke da bahaya kada ta ƙare a kududdufi. Taki a zuba shi gwargwado, nesa da bakin ruwa. Matatun ruwa su riƙa duba launin abin da suke ja daga kogi, su kuma sami kayan gwajin wannan guba, musamman a bazara. A gida, tankin ruwa ya zama a rufe, wanda haske ba ya ratsawa. Jarkokin 'yan garuwa da suka yi kore a ciki a wanke su. Galibi wannan koren ba mai guba ba ne, amma alama ce ta cewa jarka ta daɗe ba ta ga wanki ba.

Jama'a masu sauraro, iyaye mata da iyaye maza na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku da Hausawa, da duk inda wannan murya ta kai. Idan aka ga ruwa ya yi kore ya yi kauri, a hana yara shiga, a janye dabbobi, a sanar da mai unguwa da jami'an duba-gari. Wanda ya taɓa shi ya yi wanka da sabulu da ruwa mai kyau. Wanda ya sha ya ji ciwon ciki ko amai, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita irin ruwan da ya sha. Ruwan rijiya da na famfo a ci gaba da tafasawa kamar yadda aka saba. Koren ruwan tafki kuwa, ko an tafasa shi, kada a sha. Allah Ya ƙara mana lafiya.